Ruƙayya Za Ta Shiga Tsere

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Malam, ya jikokina? Mu ma lafiya, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Tsohuwar motar nan da Ruƙayya da babanta suka yi ta harhaɗawa da kayan gwangwan a nan unguwar Khumra ta tashi. Jiya na bi su filin tsere gwaji. Tana shan kwana taya ta fashe, motar ta yi ta juyi da 'yata a ciki. Ta fito tana dariya: "Ya isa, Ummi, taya ce kawai!"

Juma'a za ta shiga tseren. Na kasa hana ta, na kasa zama wuri ɗaya.

Ki sa ta a addu'a, ki gaida kowa. Don Allah kada Inna ta ji sai bayan Juma'a.

Ƙanwarki,
Binta