Turaren Hajja Kaka

Kazaure, 4 ga Afrilu, 1976

Zuwa ga kakata Hajja Kaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki, yaya mutanen Babura? Kaumi, in kai ke karanta mata, ka ɗaga murya, ka san kunnen tsohuwa.

Kwalbar turaren wuta ta iso, an gode. Amma raina a ɓace yake. Asmar maigidana Malam ta sake tashi, karo na uku tun babbar salla. Kullum haka take farawa: hanci ya toshe, goshi da kumatu su hau ciwo, majina ta yi kauri, bayan kwana biyu ƙirji ya kama fito. Shekaranjiya a kan babur ta kama shi, yana dawowa daga duba gonaki a Roni, da ƙyar ya kawo gida.

Na yi yadda kika ce. Na rufe ƙofa da taga, na ninka turare a kasko don hancin ya buɗe. Ko alama. Shi kuwa ko shiɗewa zai yi ba zai ce uffan ba. Na gaji, Hajja, kuma ina jin tsoro.

Jikarki,
Bintu

Kazaure, 21 ga Afrilu, 1976

Hajja Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kin sami sauƙi. Ki gyara zama, yau da ke nake.

Mun je Kano wajen likita. Ya ce hanci da ƙirji hanya ɗaya ce. Wai akwai koguna a ƙashin goshi da kumatu, na Malam sun cika da mugunya, ita ke gangarawa maƙogwaro tana tayar da asma. Mu muna ta maganin ƙirji kawai, kamar mai kwalfe ruwa a ɗaki ya bar rufi yana yoyo. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya shanye su ko ya ji sauƙi, da abin shaƙa na ƙirji, ya kuma riƙa wanke hanci da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri safe da yamma.

Daga nan ya tambaya ko ana hayaƙi a ɗaki. Malam ya sunkuyar da kai. Ni na amsa da bakina, har da alfahari. Likita ya ce daga ranar kasko ya bar ɗakin.

Ashe da hannuna nake shaƙe mijina! Ya san hayaƙin na cutarsa, ya yi shiru wai kada ya kunyata ni. Wannan kara ce ko wauta? Ga maƙwabciyata Shatu ta leƙo jiya tana shinshina ɗaki, wai ba ta taɓa ganin Babarbariya ba turare ba. Saura kaɗan in jefe ta da kaskon.

Taki cikin fushi,
Bintu

Kazaure, 30 ga Mayu, 1976

Hajjata,

Ina gaishe ki, ina gaida Kaumi da kowa da kowa. Malam ya ji sauƙi, alhamdu lillahi. Jiya har Gwiwa ya je ya dawo ba fito ba tari. Sai dai kullum sai na tsaya a kansa kafin ya wanke hancin, kamar mai yaye.

Yau da hantsi na buɗe akwati ina haɗa kwalabenki in mayar miki. Ya shigo, ya tsaya cik, ya tambaye ni ƙamshin mene ne wannan. Na ɗauka tsokana ce. Ya rantse mini tun kafin aurenmu hancinsa ba ya jin ƙamshin komai. Shekara uku, Hajja! Duk yabon da yake yi wa turarenki, hayaƙin kawai yake gani ya ce madalla.

Na yi kuka, na yi masifa, shi kuwa yana zaune riƙe da kwalba yana murmushi.

Ga kaskon nan na ba direban motar Babura, kada ki sake aiko mini da wani. Kwalba ɗaya na rage, ba za ta ga garwashi ba. Ya ce a bar masa ita, yanzu ne ya san abin da ya aura. Ni dai ban gama fushi da shi ba.

Ki huta lafiya.

Jikarki mai ƙaunarki,
Bintu