Fatalwar Indiya da Muka Yi Gardama a Kanta

Zuwa ga mai ɗakina Hajjo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke ɗanki Sani ya ɗauko ni daga Argungu ya aje ni Gwadangaji. Wai na tsufa. An ba ni ɗaki da talabijin, ba a ba ni abokin hira ba.

Finafinan tsoro nike kallo, kamar da. Na Amurka na yanzu jini ne kawai, sai ka ce mahauta. Mutum ya ji motsi, maimakon ya yi addu'a ya fice, sai ya tafi dubawa. Tsofaffin na Sin, masu gawa tana tsalle da takarda a goshi, har yau dariya suke ba ni. 'Yan Koriya sun iya shiru, wannan na sallama musu. Na 'yan Kudu kuwa jan ƙyalle da ihu. Duk wanga bayani bango nike yi wa, don jikokinki sun ce surutuna na hana su ji.

Ke ba ki taɓa shiga silima ba. Ni ke zuwa Birnin Kebbi in kallo, da safe kina shanya shinkafa in zauna gefen tabarma in ba ki labari. Ba na jin Indiyanci, kin kuma sani, amma ba ki taɓa katse ni ba.

Sai ranar labarin fatalwar matar nan mai farin zane da ke waƙa bakin gulbi. Na ce ta dawo ne ta kashe mijinta. Kika ce, "Malam, mace ba ta baro kabari don kisa. Akwai maganar da take jira." Na ce ke da ba ki gani ba, mi kika sani? Kwana biyu ban ci tuwonki ba.

Makon jiya aka sako fim ɗin da fassarar Hausa. Masu fassarar ba su iya aiki ba, muryarsu ma ba daɗi. Amma Hajjo, ke ke da gaskiya. Ƙazafi mijin ya yi mata, so take kawai ya amsa laifinsa. Yara na ta dariyar tsohon fim, ni na tashi na fita tsakar gida.

Ranar da ciwo ya yi tsanani a asibiti kika ce in yafe miki, na ce na yafe. Kika tsaya kina kallona. Na san mi kike jira. Sai na ce bari in nemo miki ruwan zafi. Kafin in dawo an rufe miki fuska.

Ba na tsoron fatalwa, na san matacce ba ya dawowa. Abin da ke ci na ke nan, ba za ki zo ki karɓi maganarki ba. To ga ta a rubuce, kowa ya gani. Na cuce ki da bakina, ba sau ɗaya ba. Ki yafe mini.

Allah ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya isar miki da abin da na kasa faɗi.

Mijinki,
Garba