Bayan Duwatsun Iyaka

Ran huɗu ga watan Karnayos
Mun iso Efidauros, haramin Askilefiyos mai warkarwa. Mijina Dorkon bai yi amai a jirgi ba, ni ce na yi. Cikinsa ya kumbura kamar salka. An yi masa wanka, mun miƙa hadayar waina da zuma. Ƙafafuna sun mutu.

Ran bakwai
Ya kwana a zauren mafarki, inda Askilefiyos ke zuwa wa marasa lafiya cikin barci. Da safe kowa na ba da labari: wannan maciji ya lashe masa ido, wancan an tsaga masa ƙurji. Na ce, maigida, kai fa? Ya ce tsohon jakinmu ya gani yana cin ɓaure.

Ran goma sha ɗaya
Babu mafarki. Wanki dai, da kunun sha'ir da ba ya sha.

Ran goma sha biyar
Mai hidimar haramin ya duba farcen Dorkon, ya ja ni gefe. "Inna, ku fitar da shi bayan duwatsun iyaka. Ba a mutuwa a nan, ba a haihuwa." Na ce to ina za mu? Ya nuna daji da baki.
Ni da wani mai sayar da zakaru muka ɗauke shi. A hanya Dorkon ya ce, "Kar ki ga laifin Askilefiyos. Tun da Zeyus, sarkin alloli, ya buge shi da aradu saboda ya ta da matacce, ba ya son ganin gawa." Mai zakaru ya yi dariya har ya kusa sakinsa. Ni ban iya ba.

Ran goma sha shida
Ƙarƙashin zaitun muke. Akwai wata a nan, Mirtis, cikinta ya tsufa, ita ma jiya aka fitar da ita. Mijinta ya tafi nemo jaki, bai dawo ba. Bakinta ba ya hutawa. "Inna, shi Askilefiyos da aka ciro daga cikin uwarsa tana kan itacen ƙona gawa, shi ne zai ƙyamaci haihuwa?" Na ce ta rufa mana baki, muna kusa da gidansa. Surutunta na sa mini ciwon kai.

Ran goma sha takwas
Naƙuda ta kama ta da hantsi. Ba kowa sai ni. Ina riƙe da ita, ina waiwayen Dorkon. Ya ɗaga hannu: "Je ki, tsohuwa, ba inda za ni."
Mace ce. Na yanke cibiya da wuƙar burodinmu. Da na koma wurinsa hannun ya yi sanyi, ƙudaje sun riga ni.
Ban san ko ya ji kukan jaririyar ba.

Ran goma sha tara
An binne shi. Mai zakaru ne ya haƙa.

Ran ashirin da uku
Nonon Mirtis bai zo sosai ba. Na samo na akuya. Mijin shiru. Bayana kamar zai tsage, jaririyar ba ta barci sai a kafaɗata, abin haushi.
An ce jirgin garinmu ya tashi jiya. Ai iska ba ta da kyau, kuma ba na son amai. Na gaba ma ya ishe ni.