Fadamar da Musa ya sare

Da sunan Allah nake farawa. Daga hannun yayarka Asabe a Haɗeja, zuwa ga ƙanena Gwadabe a Kukawa. Gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyalinka. Allah ya tsare ku, ya sa albarka a fataucinka. Mu nan muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban yi nisa a allo ba, idona ma ya rage tun da damina.

Na san fatake sun kai maka labarin rasuwa, amma ba su san abin da ya biyo baya ba. Musa autana ya tafi duba shinkafa kogi na cike. Ya hau goran fito zai tsallaka kamar yadda ya saba tun yana yaro, igiyar ruwa ta juya shi, sai kwana biyu masunta suka same shi. Bai cika shekara talatin ba, ko ciwon kai ba ya yi. Malam, mai gidana, ya yi masa salla da kansa, ya dawo ya kwanta da zazzaɓi. Kwana tara tsakaninsu. Kwana taran nan ne suka raba jikata Mairam da gonar ubanta.

Ka tuna fadamar nan ta gabas da gari, wadda da duk ciyawar burgu ce da ƙaya, ba mai kallonta? Musa ne ya sare ta shi kaɗai, rani uku, har tafin hannunsa ya tsage. Amma a gandu yake tare da ubansa da wansa Baƙo, kuma ka san abin da ke gandu na mai gida ne. Sau da yawa Malam ya gaya mini a tsakar gida cewa fadamar nan ta Musa ce, gayaunarsa ce, ya bar masa. Na ce ya kira mutane ya faɗa a gabansu. Ya ce in aka yi girbi. Shi ma Musa na yi masa magana, ya yi dariya, ya ce wa zai kira shaidu a kan ubansa, kuma ina na ga zai je da nake gaggawa haka.

Da aka zo rabon gado, alƙali ya fara da na Musa. Abin da aka samu nasa na kansa fartanya ce, da komar kamun kifi, da riga biyu. Aka zo na Malam, aka sa fadamar a ciki. Na tashi na faɗi abin da na ji da kunnena. Alƙali bai tsawata mini ba. Ya tambaya ko akwai maza biyu da suka ji, ko takarda. Babu. Ya ce tunda Musa ya riga ubansa rasuwa, kuma Baƙo na da rai, Mairam ba ta da rabo a dukiyar kakanta. Ya ce da Malam ya yi mata wasiyya, ko a kan shimfiɗar ciwon nan ne, da shari'a ta ba ta har sulusi. Ina zaune a gefensa duk kwana taran, Gwadabe, ina ba shi kunu, bakinsa na magana. Kuka ya hana ni tunawa.

Kada ka zagi Baƙo, shi ma ni na haife shi. Alƙali ya roƙe shi ya bar wa marainiya wani abu, ya sunkuyar da kai ya ce yana da baki bakwai a gida, zai ciyar da yarinyar, amma ƙasa ba zai iya ba. Na nemi a fitar mini da tumunina daga cikin fadamar. Aka auna da igiya, na kira liman da mai unguwa, na ce su shaida na ba Mairam, tun ina da rai. Ɗan tsiri ne, ba zai riƙe mace da 'ya ba. Uban Yelwa, matar Musa, ya aiko daga Auyo cewa in ta fita takaba zai zo ya ɗauke ta da yarinyar. Yelwa ta ce mini da akwai gonar da ba inda za ta, da ta sa ƙaninta ya noma musu. Saura kwana goma sha shida.

Don haka na sayi takardar nan. Kai ma kana kallon kanka yaro, ko arba'in ba ka kai ba, kana bin hanyoyin da kowa ya san abin da ke cikinsu. Na ji kun haɗa jakuna da abokin tafiyarka, wa ya san naka daga nasa in ba ku biyu ba? Ga Gana da kuke riƙo tun tana goye, ba ta da ko allura a gadonka sai ka faɗa. Ka kira mutum biyu masu hankali, ka faɗi abin da yake naka, da abin da ka bai wa wani, a rubuta. Ba kiran mutuwa ba ne, Musa bai kira ta ba. Kada ka ce sai ka dawo daga wannan tafiyar.

Ka gaishe mini da matarka Safara'u, da Gana, da Baba Ari mai masaukinku. Yelwa na gaishe ka. Mairam ba ta san za ta tafi ba tukuna, jiya ma ta ce in ajiye mata irin shinkafa don baɗi. Na ce to.

Wassalam. Yayarka, Asabe.