Hayaƙi Ya Raba Ni da Inna

Zuwa ga mai girma wakilin mazaɓarmu a Majalisar Tarayya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Talatu, gidanmu yana Tiga, ina sayar da soyayyen kifi a Kwanar Dangora. Ban iya dogon turanci ba, ranka ya daɗe, kuka na kawo.

Na farko, wutar lantarki. Da can masunta kan kawo min kifi da yamma, in zuba a firiza, kullum in soya daidai abin da zan sayar. Yanzu kuɗin wuta ya hau, wutar kuma sai ta ga dama take leƙo mu. Na biya, na biya, har na gaji na kashe firizar. Kifi kuwa ba ya jiran kowa. Wanda bai sami sanyi ba dole a yi bandarsa, banda kuma hayaƙi ne a tsakar gida tun safe har la'asar.

Na biyu, gas. Mahaifiyata Inna tana da ciwon ƙirji, likita ya ce ta nisanci hayaƙi. Saboda ita na sayi tukunyar gas, muka bar murhu. Tari ya sake ta, ta riƙa zama kusa da ni tana gyaran kifi, tana min tsiya wai hannuna ya cika gishiri. A bana kuwa, cika tukunyar ya fi ƙarfina. Na koma itace, ga banda ga girki, tarin ya dawo har salla ta gagare ta a tsaye. Yayana ya zo ya tafi da ita gidansa a Kano.

Na uku, wanda shi ya sa na rubuto: wallahi ina kewar uwata. Gidan ya yi min faɗi. Har yau nakan dama koko na mutum biyu, sai na zo zubawa in tuna. In ta bugo waya, ko gaisuwa ba ta gamawa take tambaya ko an kawo wuta, don a ganinta ranar da firiza ta tashi, ranar za ta dawo. Ni kuma sai in ce mata ana nan ana gyara.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka tsaya mana a sassauta kuɗin wuta ga masu ƙananan sana'a, a kuma duba farashin gas, ya sauko inda mai soya kifi za ta iya cika tukunya. Inna tana amarya ruwan dam ɗin nan na Tiga ya tashe su daga ƙauyensu, ba ta sake ganinsa ba. A nan ta raine mu, a nan aka binne Baba. Ta ce min tana tsoron wannan tashin ma ya zama babu dawowa.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya bar ku tare a gida ɗaya.

Wassalam.

Talatu mai kifi,
Tiga.