Kifin Argungu a Cikin Akwatina

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya maigidan? Ya ƙafar taki, ta daina kumburi? Mu nan Badariya lafiya lau.

Littafin da kika aiko wa ɗiyarki Nana, na 'yan tsanan da ke tashi su yi yawo in ba mai kallo, ya jawo mini aiki. Tun da na karanta mata ta yarda nata ma suna da rai, wai har yunwa suke ji.

Ranar Juma'a na buɗe akwati in ɗauki ankon sunan gidan Kawu, wari ya doke ni. Ashe busasshen kifin da Inna ta aiko daga Argungu ta ɗiba, ta jera wa 'yan tsanarta a kan leshina, ta rufe su don su ci ba kunya. Kwana uku! Kiyashi ko'ina, man kifi ya zauna daram a zanen. Da na ɗaga murya sai ta ce, "Mama, yi a hankali, suna jin ki."

Da tsohuwar atamfa na tafi sunan.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. In za ki sake aiko littafi, ki nemo wanda 'yan tsana ke wanki.

Ƙanwarki,
Rabi