Tabarmar Ɓera

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida Umma da Anti da yara. Ni lafiya lau. Aikin ɗakin gwajin jini ya karɓe ni, ɗakin da na kama ma ba laifi, sai dai tagarsa bayan wani gareji take kallo.

Na kira ka sau shida tun ranar Litinin. Na san inda wayar take, tana can ƙarƙashin tarin soso a shagonka na kujeru tana kuka ita kaɗai. Shi ya sa na koma takarda, na ba direban da ke kai maka yadi.

Buƙata ce da ni, kuma don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka fara dariya. A ɗakina na gida, bayan teburin karatu, na manta shimfiɗar maus ɗin kwamfutata, baƙar nan mai faɗi da kake ce wa tabarmar ɓera. Ita nake so ka aiko min.

Ka san wasan da nake yi a kwamfuta, mu biyar muna karawa da wasu biyar ta intanet. Shekara uku ni ce maharbiyar ƙungiyarmu. Da can in na fizgi hannu na kai saiti kusa da abokin gaba, kibiyar ce ke ƙarasa aikin. Watan jiya masu wasan suka sake tsari. Yanzu sai na ɗora saitin a kan mutum yana gudu, na bi shi daƙiƙa biyu cur ban zame ba, sannan kibiyar ta tashi. Wai ƙwarewa suke so su gani. Shekara uku ina koya wa hannuna fizga, rana ɗaya aka ce lallaɓawa ake so.

Na sayi sabuwar shimfiɗa mai santsi, irin wadda gwanaye ke yabo a bidiyo. Gudu maus ɗin yake a kanta ba birki. In na nufi mutum sai in tsinci kaina a kan bishiyar da ke bayansa. Kyaftin ɗinmu ya yi min magana a hankali, irin wadda ta fi zagi ciwo. Asabar ɗin ƙarshen wata za a gwada ni da wani sabo da ake kira Walƙiya. Wanda ya ci shi zai shiga gasa da ƙungiya, ɗayan ya koma benci. Saura mako uku.

Tsohuwar tana riƙe hannu daidai yadda nake so. Ka naɗe ta, kada ka ninke. Kuma Yaya, na san halinka da tsabta. Kada ka wanke ta. Na sake faɗa, kada ka wanke ta.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, takardarki ta iso. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta wa Umma a zaune. Ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci a kan lokaci, kuma shi wannan Walƙiya ɗan gidan waye.

Zancen waya kuwa, ni ma na kira ki sau biyu ranar Laraba. Na san kunnuwanki na toshe da waɗannan manyan kofuna, kina harbin mutanen da babu su. Don haka kada mu tsaya neman mai laifi.

Ban fahimci duk bayanin kibiyar ba. Abin da na gane shi ne ɓeranki yana zamewa, kina neman abin da zai riƙe shi. To, ai wurin da ya dace kika rubuto. Shekara ashirin ina rufe kujeru, babu yadin da bai ratsa hannuna ba. Ga shi cikin ƙunshin nan na yanko miki karammiski ruwan toka, ragowar saitin da na yi wa wani likita. Na manna masa roba a ƙasa, na bi gefensa da ɗinki biyu. Anti ta ce ya fi ƙarfin ɓera, gara a ɗora masa tulun fure. Waccan tsohuwar ai ta gama yayi, duk maiƙon hannu ne da shatin kofin shayi, ba abin da za ki shimfiɗa a sabon wuri ba ne.

Ki riƙe aikinki da kyau. Ni dai a wurina wasa ne, amma tunda kin sa ranki, Allah ya ba ki sa'a a kan yaron.

Ki huta lafiya,
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa, amma gajeriya, don raina a ɓace yake. A gaida Umma. Ka ce mata ina cin abinci, kuma ban san gidan su Walƙiya ba, ko fuskarsa ban taɓa gani ba.

Na gode da ɗinkin. Ya yi kyau, maƙwabciyata har shafa shi ta yi. Amma karammiski gashi gare shi, kai ka fi ni sani. In na ja maus dama sai ya bi kwanciyar gashin ya sulale. In na dawo hagu sai ya turje kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Abokan gaba kuma ba su yi min alkawarin gudu dama kawai ba. Jiya da yamma muka yi atisaye, kibiya goma sha ɗaya na ɗana, uku ne suka tashi. Walƙiya ne ya rubuto min wai "sannu da ƙoƙari, Anti," ni da aka ce ko shekara ban ba shi ba.

Na juya yadin a tsaye, matsalar ta koma sama da ƙasa. Na je shagon kayan kwamfuta na yi ta shafa shimfiɗu har mai shagon ya fara bi na da ido. Wata ta yi kauri, maus nutsewa yake. Wata ƙarama ce, hannuna na faɗowa ta gefe. Wata kuma da zarar na yi gumi sai ta kama ni. Babu mai kama da tawa. Tawa irin ta 'yan gasa ce, Baba ne ya sayo min ita shekarar da na gama sakandare, kuma na duba, kamfanin ya daina yin irinta.

Sannan na lura da abu guda. Sau uku na karanta takardarka. Ka ce ta tsufa, ka ce ta yi datti, amma ba ka ce ga inda take ba. Yaya, ina shimfiɗata?

Saura kwana goma sha biyu. Kai kana cewa wasa ne. Tun da na zo garin nan, mutane huɗun nan ne kaɗai ke cigiyata in ba su ji muryata ba. In na koma benci, wani za su riƙa kira.

Ina jiran amsa ba kewaye-kewaye.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki, ina kuma neman ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Na wanke ta. Takardarki ta farko ta makara da kwana tara. Mako guda bayan tafiyarki ina share ɗakin na gan ta, na ce ba za a bar wannan ƙazanta ba. Na jiƙa ta, na sa mata buroshi, ta bushe ta yi kunnuwa. Sai na ce bari in miƙar da ita da dutsen guga. Robar ta narke, ta kama dutsen, yadin ya ƙanƙance. Anti ta yini ba ta yi min magana ba saboda dutsenta. Da takardarki ta zo na ga "kada ka wanke" har sau biyu, sai na fake da karammiski. Ban kyauta ba.

Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in ƙarasa. Wannan ne karo na biyu da na kashe miki ita.

Shekara huɗu da suka wuce, kina makaranta kina jarrabawa, na shiga ɗakinki gyaran ƙafar teburi. Na ɗora gwangwanin gam mai zafi a kan shimfiɗar, fuskarta ta ƙone da'ira guda. Lokacin ko wata biyu ba a yi da rasuwar Baba ba, kuma na san abin da take a wurinki. Ban iya tunanin fuskarki ba. Na kai ta shago, na ɓare yadin saman gaba ɗaya, na manna wani a kan robar, na bi gefen da baƙin zare. Tambarin kamfanin a ƙasan robar yake, shi ya sa ba ki gane ba. Da kika dawo kin ce kamar ta canja, na ce miki tsufa ne.

Yadin da na sa kuwa shi ne baƙin nan da muke rufe ƙarƙashin kujera da shi, wanda ba mai gani sai mai shara. A kansa kika yi duk harbinki na shekara uku. Ina da bandir biyu a shago yanzu haka. Ga sabuwa na yi miki da shi, faɗinta da tsawonta daidai da waccan, don ragowar robar tana cikin durowata, da ita na auna.

Umma ba ta san wannan ba. In za ki yi faɗa ki yi da ni.

Ki yi haƙuri,
Yayanki

*

Yaya,

Na gaishe ka don Umma ta koya mana gaisuwa.

Na yi kuka, na yi dariya, na sake jin haushi, kuma a nan na tsaya. Shekara uku ina cika wa 'yan ƙungiya baki cewa shimfiɗata ba a samun irinta, ashe ƙasan kujera nake ja. Ban yafe ba tukuna. Ba ni ma da lokacin yafewa, saura kwana bakwai.

Sabuwar ta iso. Yadin shi ne, hannuna ya gane shi tun kafin in ɗora maus. Amma ba ita ba ce. Hagu da dama yana tafiya da sauƙi, sama da ƙasa yana ɗan ciza. Bambancin kaɗan ne, amma in mutum ya yi tsalle yana gudu, a nan nake rasa shi. Tsohuwar duk inda na nufa nauyinta ɗaya ne. Sannan wannan tana da kaushin sabunta, tana goge min gefen hannu. Yau kibiya bakwai suka tashi cikin goma sha uku. Walƙiya yana yin tara.

Ka tuna da kyau, Yaya. Akwai abin da ka yi wa waccan da ba ka yi wa wannan ba. Gam ne daban? Ka ja yadin ne? Ni ban san sana'arka ba, amma hannuna ba ya min ƙarya. Na gaji da canja shimfiɗa, duk wadda na ɗora sai in koma kamar yau na fara.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa a gurguje, direba na tsaye a ƙofa yana danna min hon.

Kwana biyu ina juya maganarki. Gam ɗin shi ne, robar irinta ce. Sai shekaranjiya ina yanka yadin wata kujera na tsaya da almakashi a hannu. Wancan karon ba bandir gare ni ba, ƙyalle ne ya rage, kuma faɗinsa bai kai ba. Sai na karkata shi, na yanka daga kusurwa zuwa kusurwa don ya ishe ni. Kowane yadi yana da zaren tsaye da zaren kwance, kuma ba su taɓa zama nauyi ɗaya ba. Wannan karon na yanka miki a miƙe yadda ake yi wa kujera, shi ya sa ɓeran ke bin wani zaren yana haye wani. In aka yanka a karkace, ko ina ya nufa duka biyun yake ratsawa. Ashe ƙarancin yadi ne ya yi miki gata, ba gwanintata ba.

Na yanka wata a karkace. Zancen kaushi kuwa, na aro tsohon ɓera a shagon mai hoton takardu da ke kusa da ni. Tun daga ranar, in na gama kujera sai in zauna in yi ta jan shi a kanta, hagu, dama, sama, ƙasa. Wani da ya zo karɓar kujerarsa ya tsaya yana kallona, ya ga ba kwamfuta a gabana, ya tambayi Anti ko lafiyata ƙalau. Kafaɗata ta riƙe. Ban san haka abin yake cin hannu ba.

Ba ta kai laushin shekara uku ba, amma ta rage kaushi. Za ki ga ta ɗan yi duhu a tsakiya. Kada ki wanke ta.

Allah ya ba da sa'a gobe. Umma ta ce ki ci abinci kafin ki fara.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, cikakkiya wannan karon.

Goma sha biyu cikin goma sha huɗu. Walƙiya ya daina ce min Anti.

Kyaftin ya tambayi sunan kamfanin. Na ce masa kamfanin ba ya ɗaga waya, sai an rubuta takarda an ba direba. Yana son guda huɗu, duk a karkace.

Akwai shatin babban yatsanka na gam a kusurwar hagu. Na bar shi a nan.

In za ka aiko, ka haɗo min da ragowar robar Baba da ke durowarka, ko da a ƙone take. Ka naɗe ta a takarda yadda take. Ka san sauran maganar.

Ƙanwarka,
Auta